Alƙalin wasa da ɗan wasan da ya faɗi a fili

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shirinku na wasanni in yi magana a kan abin da ke yawan tayar da hayaniya a filayen ƙwallonmu na Garwa, tun daga babban filin wasa na Roumdé Adjia har filayen unguwanni da ake gasar hutu, wato yadda alƙalin wasa ke yi da ɗan wasan da ya ji ciwo.

Yawancin masu zagin alƙali idan ya sa an fitar da ɗan wasansu ba su san cewa doka ce ta tilasta masa ba. Doka ta 5 a dokokin IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya, ta hana yi wa ɗan wasa magani a cikin fili. Masu jinya za su duba shi, a fitar da shi, kuma ba zai dawo ba sai bayan an ci gaba da wasa, alƙali ya yi masa izini. An ɗauke wannan wa mai tsaron gida, da 'yan ƙungiya ɗaya da suka yi karo da juna, da wanda rauninsa ya yi tsanani, da wanda zai buga fenareti. Tun 2016 kuma, wanda aka yi wa ƙeta har aka ba mai laifin kati yana iya zama a fili idan an gama duba shi da wuri, kuma wannan gyara ya dace, domin a da wanda aka zalunta ne ke fita, mai ƙetar yana ciki yana wasansa.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙalan da suka gaji da ƙaryar 'yan wasa har suka daina tsayar da wasa ga kowa. Gaskiya ne, ƙungiyar da ke kan gaba da ci ɗaya, da an shiga mintunan ƙarshe sai ka ga 'yan wasanta suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai alƙali ba likita ba ne, kuma mu 'yan Kamaru bai kamata a tuna mana wannan ba. A ranar 26 ga Yuni, 2003, ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa ana wasa da Kolambiya, babu wanda ya taɓa shi, kuma bai tashi ba. A 2021 zuciyar Christian Eriksen ta tsaya a wasan Denmark da Finland, alƙali Anthony Taylor ya hura usur nan take ya kira likitoci, aka ceto ransa. Duk wanda ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, ko aka yi karon kai da shi, wajibi ne a tsayar da wasa ko da ƙwallo na bakin raga.

Maganin mai ƙarya yana cikin agogon alƙali. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, an ƙara minti 14 kafin hutun rabin lokaci a wasan Ingila da Iran saboda jinyar mai tsaron gidan Iran, Alireza Beiranvand, wanda a ganina ma bai kamata a bar shi ya ci gaba ba bayan karon kan da ya yi. Idan ɗan wasa ya tabbata cewa duk mintin da ya ɓata a kwance za a mayar da shi, to kwanciyar ba ta da riba.

A filayen unguwa kuwa, ko alƙali ya tsayar da wasa, babu mai jinyar da zai kira. Sai dai a kwarara wa yaro ruwa, a kama hannuwa da ƙafafu a ja shi gefe, alhali wanda ya bugu a wuya ko a baya irin wannan ɗauka na iya nakasa shi. Ina kira ga masu shirya gasar hutu da su ware wani abu daga kuɗin rajistar ƙungiyoyi domin a kawo masu agaji na Croix-Rouge (Red Cross) da gadon ɗaukar majinyaci a kowane wasa. Ku kuma, ina roƙonku ku gayyato wani gogaggen alƙali cikin shirinku ya yi wa masu sauraro bayanin wannan doka da Hausa da Fillanci.

Na gode.

Mai sauraronku daga Garwa