Godiya ga mutanen Miniatur Wunderland na Hambug, daga wani baba da ɗansa

Assalamu alaikum. Wannan takarda zuwa gare ku ce masu Miniatur Wunderland, gidan kallon ƙananan jiragen ƙasa da garuruwa na kwaikwayo, da ma'aikatanku baki ɗaya, tun daga baiwar Allahn da ke kanta tana karɓar kuɗin shiga har zuwa masu gyaran jirage a bayan gilashi. Na san ba Hausa kuke ji ba, 'yata babba ta ce za ta juya muku da Jamusanci, amma ni da Hausa zan rubuta saboda in na ce zan yi da Jamusancina to rabin abin da ke raina a hanya zai zube, kuma ina so 'yan uwana Hausawa da ke nan Jamus su ji, musamman masu yara.

Shekara biyu ke nan da suka wuce aiki ya tsaya min. Siton da nake aiki a wajen tashar ruwa suka rage mutane dab da ƙarshen shekara, ina cikin waɗanda abin ya shafa. Duk wanda ya taɓa yin Janairu a Hambug ba aiki ya san me nake nufi, gari ya yi duhu tun ƙarfe huɗu da rabi, sanyi da yayyafi, yara suna gida sun ishe ka kai ma ka ishe su, ga lissafin haya ga na gida Zariya da ake jiran ka. Ɗana namiji lokacin shekararsa tara, 'yan ajinsu kusan kowa ya je wajenku shi kaɗai ne bai je ba, kullum Baba yaushe za mu, ni kuma kullum sai an kwana biyu. Mu biyar ne a gida, in ka haɗa kuɗin shigar mutum biyar wallahi cefanen kwanaki ne.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ce ta gaya wa maman yara cewa a watan Janairu kuna ware wasu ranaku, duk wanda ba shi da hali ya zo kanta kawai ya ce ba ni da halin biya, a bar shi ya shiga. Ni ban yarda ba gaskiya. Ƙasar da ko katin laburare za ka yi sai ka cika fom, na ce ai sai sun nemi takardar ofishin marasa aiki da ta haya da ta haihuwar kakana. Na kwashi takardu fal a jaka muka tafi. Muna kan layi ina ta maimaita maganar a zuciyata, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, ga yara a gefena ga mutane a baya. Da na iso na faɗa a hankali, baiwar Allahn nan ko ɗaga gira ba ta yi ba, ta ƙirga mu, ta miƙo tikiti biyar, ta yi wa autarmu murmushi ta ce a sha kallo lafiya. Shi ke nan fa. Jakar takardun ko zif ɗinta ban buɗe ba. Tikitin ma irin na kowa ne, ba wanda zai gan mu a ciki ya gane mu ne 'yan kyauta. Mu a wajenmu wannan shi ake kira rufin asiri, kuma a kansa na fi gode muku, fiye da kuɗin da kuka yafe. Yarana har yau ba su san ba biya na yi ba, sai dai babbar yanzu da za ta fassara wannan, to kin ji.

Ga 'yan uwa da ba su taɓa zuwa ba, wurin yana cikin Speicherstadt, tsofaffin situnan jan bulo ɗin nan da ke bakin ruwa inda da ake ajiye kofi da shayi da darduma. Wasu tagwaye ne, Frederik da Gerrit Braun, da abokin aikinsu Stephan Hertz suka buɗe shi a 2001, bayan Frederik ya shiga wani shagon ƙananan jiragen ƙasa a Zurik a 2000 tunanin ya faɗo masa. Yanzu shi ne mafi girma irinsa a duniya, layin dogon da aka shimfiɗa a ciki ya haura kilomita 16, kuma yawanci a ma'aunin 1:87, wato an rage girman abu sau 87, mutum cikakke bai wuce santimita 2 ba. Duk minti 15 sai gari ya yi duhu fitilun gidaje da na motoci su kama, sannan gari ya sake wayewa. Akwai ɓangaren Suwizalan da suka fasa silin dutsen ya ratsa hawa biyu, akwai Italiya da dutsenta mai aman wuta, akwai Sikandinebiya da ruwa na gaske jiragen ruwa suna yawo a kai, akwai filin jirgin sama na Knuffingen da aka buɗe a 2011 inda jirage ke tashi suna sauka kamar gaske har da allon lokutan tashi. Knuffingen ɗin ma ba gari ne na gaske ba, su suka ƙirƙire shi, amma yana da 'yan kwana-kwana da ke fitowa da jiniya in gobara ta tashi. Autarmu kam ba abin da ya dame ta da jirgi, ta gano wani maɓalli a Suwizalan da in ka danna ƙaramar masana'anta ke turo cakulan na gaske, da ƙyar muka ɓamɓare ta daga wurin.

Ni abin da ya tsayar da ni daban ne. Akwai wani lungu inda layi ya rabu biyu, na ga bakin layin ya motsa da kansa, ƙas, jirgin kaya ya karkata ya bi ɗaya hannun. Sai kawai na ji idona ya ciko. Marigayi babana aikinsa ke nan a reluwe a Zariya, mai juya layi, inda hanyar Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda ta rabu da ta Kano. Da hannu yake jan ƙarfen, ina yaro ina kai masa abinci a kwano ina tsaye ina kallo. Na fi shekara ashirin ban tuna ƙarar nan ba. Yaron ya ce Baba mene ne, na tsuguna na nuna masa na ce ka ga wannan, aikin kakanka ke nan. Tun daga wurin har muka hau jirgin komawa gida tambaya yake min, kuma ni da shi ba mu cika doguwar hira ba a da, shi da waya ni da gajiya.

A hanya ya ce mu ma mu gina namu. Na ce to, irin to ɗin da iyaye ke cewa. Ashe shi ya riƙe.

Da bazara ta shigo na samu wani aikin, alhamdulillahi, muka fara bin kasuwar gwanjo ranar Asabar. Nan na tafka wautar farko. Na sayi kan jirgi a hannun wani mutum, na sayi layi da taransifoma a hannun wani daban, duk an rubuta H0 a kwali, wato sunan ma'aunin 1:87 ɗin nan, na ce ai shi ke nan jirgi ɗaya ya kwaso su. Muka zo gida muka haɗa, ko motsi. Kwana uku ina jujjuya waya ina zargin mai sayarwa a raina, yaro ya fara cewa ko mu haƙura.

Sai na ce mu koma wajenku, wannan karon da kuɗina na biya, mu biyu, kuma wallahi na ji daɗin biyan. Na saka kan jirgin a aljihun jaket. Wajen da ake ganin masu gyara suna aiki na yi ta maza na tsayar da wani ma'aikacinku, dattijo mai tabarau a goshi, na nuna masa. Yana juya shi ya ga ƙasan sai ya yi dariya, ya nuna min wani ɗan ƙarfe mai kama da silifa a tsakanin tayoyin. Ya ce wannan na kamfanin Märklin ne, shi wutarsa daga tsakiyar layi yake ɗauka, layinsu yana da 'yan ƙusoshi a jere a tsakiya, ni kuma layin da na saya irin na su Piko da Roco ne mai ɗaukar wuta ta ƙarfe biyu na gefe, ko shekara zan yi ba za su jitu ba. Ma'auni ɗaya, faɗin layi ɗaya milimita 16.5, amma wuta daban. Ba wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina. Mutumin nan yana da aikinsa amma ya tsaya da mu kusan minti ashirin, kuma yaron yake kallo yana yi wa bayani, ba ni ba, wannan ma ya burge ni.

Shi ya koya mana yadda ake kafa tsakuwar layi, ka zuba ta a bushe ka share da buroshi ta zauna, ka fesa mata ruwa kaɗan, sannan ka ɗiga gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, sabulun ne ke sa gam ya ratsa ciki maimakon ya taru a sama. Ya ce kar mu yi hawa mai tsauri, santimita 3 a kowace mita ya isa in ba haka ba jirgi zai riƙa santsi da taragu a bayansa. Da na gaya masa tashar gida nake son ginawa ya tambaye ni faɗin layinmu, na ce tsohon layin Najeriya ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1067, ya ɗan yi lissafi a ka ya ce to in gaskiya kake so layi mai milimita 12 ya kamata ka nema, wanda ake kira H0m, amma yana da tsada kuma da wuya ka same shi a gwanjo. Na ce ranka ya daɗe gaskiyar nan ta fi ƙarfin aljihuna, za mu yi da wanda muke da shi.

Yanzu abin namu yana ɗakin ajiya na ƙasa, a kan tsohuwar ƙofa da muka ɗora a ƙafafu, mita 2 ne tsawonsa. Zagaye ɗaya ne da mararraba guda, gefe ɗaya Zariya ɗaya gefen Kano, tafiyar da ke cin awanni mu a daƙiƙa goma jirginmu yake yin ta. Kan jirgin dai na Jamus ne muka yi masa fenti kore, wanda ya sani zai yi dariya, ba komai. Ƙasar wurin da yashi muka yi muka haɗa da jan fenti sai da ta yi kalar ƙasar gida. Gidajen ƙasa da farin soson kwalin firji muka yanka muka shafe da filasta, har da zanko a kusurwa, yaron bai taɓa sanin sunan zanko ba sai a nan. Mutanen da ake sayarwa a shago duk Turawa ne da kwat da jaka, haka muka zauna da ɗan siririn buroshi muna mayar da su 'yan gida, mu naɗa musu tishu da gam ya zama riga, ɗaya ma mai tallan rake ne.

Abin da ya fi cin lokaci dalar gyaɗa ce. Ni kaina ban riske ta ba, a hoto na sani, amma babana ya sha ba mu labarin yadda ake jera buhuna a Kano ana jiran taragu tun bayan da jirgi ya iso garin a 1911. Buhu a 1:87 bai fi santimita 1 ba, mun gwada laka ta farfashe, mun gwada shinkafa ta yi ƙanana. Maman yara da ke mana dariya tun farko ita ta leƙo ta ce ku da kuke da farin wake a kicin. Wallahi daidai. Muka jera shi ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, sati uku, muka shafa fenti ruwan ƙasa da banish saboda ƙwari. Da na tura hoton gida yayata ta kira tana kuka tana dariya, wai waken miyarta na ɓarnatar ko na matata.

Mararrabar kuwa ban sa mata injin ba duk da ana sayarwa. Da hannu ake juya ta, kuma yaron ne mai juyawa, ya tsayar da wani ɗan mutum mai hula a gefenta ya ce Kaka ne.

To Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara kasuwa. Baiwar Allahn kanta da dattijo mai tabarau ban san sunanku ba, in takardar nan ta iso ku kun san kanku. 'Yan uwa masu yara a Hambug da Biremen da kewaye, in Janairu ta zo aljihu ba nauyi ku duba ranakun a shafinsu ku je, ku je da wuri don akwai jira, kuma ku bar jakar takardu a gida. Roƙo ɗaya nake da shi, da muka zo mun ga ɓangaren Riyo mun ga na Amurka mun ga na Benis, ranar da kuka waiwayo Afirka dan Allah a sa tashar Kano, dalar gyaɗa kam kar ku wahalar da kanku, ni da yarona za mu kawo, wake kawai za ku saya.

Naku,
wani Bazazzagi mazaunin Hambug