Gaisuwar Sallah daga bakin tekun Amurka

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Na san yau Zariya ba masaka tsinke, yara duk sun yi fada kallon hawa. Mu a nan Masacusets mun sauko idi da sassafe, kowa ya koma bakin aikinsa.

Baba, kullum kuna tambaya me nake bincike a kai. Wata 'yar halitta ce dangin dodon koɗi, amma ba ta da katantanwa, masana na kiranta Elysia chlorotica. Tana zaune a fadamun ruwan gishiri na gabashin Amurka, daga Kanada har Fulorida, inda ruwan bai da zurfi, rana na ratsa shi. Tsawonta yawanci santimita 2 zuwa 3 ne. In ta baje jikinta sai ku rantse ganyen magarya ne ya faɗa ruwa, har da jijiyoyinsa.

Ga abin da ya sa na kasa rabuwa da ita. Tana ƙarama ja-ja-ja take, ba kore ba. Sai ta sami wata gansakuka mai sirara, ta huda ta, ta tsotse abin da ke ciki. Ƙwayoyin koren da tsiro ke haɗa abinci da su daga hasken rana, ba ta narkar da su. Ajiye su take yi da ransu a hanyoyin cikinta da suka bazu ko'ina a jiki, su ci gaba da aiki. Daga nan ta koma koriya shar, tana iya yin watanni ba ta ci komai ba in dai akwai haske. Ku manoma ne Baba, kun san dawa ba ta yi a inuwa. To ga dabba mai rarrafe ita ma tana neman rana. Ranar da na fara ganin ƙwayoyin nan ta madubin bincike, tasbihi kawai nake yi.

Kowace ɗaya mace ce kuma namiji. Ba ta cika shekara, suna yin ƙwai bayan sanyi ya wuce sai manyan su mutu kusan lokaci guda. Abin da ke damuna shi ne samunta ya fara wuya a wuraren da aka saba kamo ta.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya, a ba su Gwaggo nasu. A ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanku,
Aminu