A Ba Abincin Talakan Turai Fili a Shafin Girke-girke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina da ɗan ƙorafi kan shafinku na girke-girke. Duk sanda kuka ce yau abincin ƙasashen waje za a kawo, sai mu ga kek ko fiza, abubuwan da sai mai tanderun zamani da kuɗin cuku zai iya haɗawa. Mai karatu sai ya ɗauka Bature ba ya cin komai sai kayan kwalama. Alhali kuwa talakan Turai da hatsi da dankali ya rayu, kuma abincinsa ne ya fi dacewa da aljihunmu a wannan marra ta tsadar rayuwa. Ni ɗalibi ne a Minsk, babban birnin Belarus, kuma ina roƙon a ba ni fili in kawo guda ɗaya da nake dafawa a ɗakina. Sunansa krupnik.

Ga wanda bai san ƙasar ba, Belarus tana tsakanin Rasha da Yukiren da Polan da Lituwaniya da Latbiya, ba ta da teku, kuma ta tsaya da ƙafafunta a 1991 lokacin rushewar Tarayyar Sobiyet. Lokacin hunturu sanyi yakan sauka ƙasa da sifili, ƙanƙara ta lulluɓe gonaki wata da watanni. Manomin da ke irin wannan wuri dole ya dogara da abin da zai ajiyu: sha'ir, dankalin Turawa, karas, albasa, da busasshiyar laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Waɗannan su ne ginshiƙin krupnik. Hatsin ya girmi dankalin a tukunya, domin dankali baƙo ne daga Kudancin Amurka, sai a ƙarni na 18 ya shigo yankin, ya game ko'ina a ƙarni na 19. Yau kuwa da wuya ka ga teburin da babu shi, har maƙwabta na tsokanar mutanen ƙasar da son dankali.

Abin da ya fi kama da shi a wajenmu shi ne fate, sai dai ya fi fate ruwa-ruwa, kuma ba manja ba attaruhu. Da cokali ake sha, da yankan baƙin burodi a gefe.

Ga yadda nake yi wa mutum huɗu. Rabin kofi na surfaffen sha'ir a wanke, a jiƙa tun dare. Wannan jiƙon ba a tsallake shi, don sha'ir taurin kai gare shi. In ba a jiƙa ba, dankali zai narke ya zama kunu shi kuwa yana nan da ƙarfinsa. Da safe a tafasa shi shi kaɗai na ɗan lokaci, a zubar da ruwan farko, a ɗauraye. Ruwan nan ne ke da yauƙi, shi ke sa romo ya yi duhu ya dagule. A wata tukunya a ɗora ƙashin sa mai ɗan nama, ko kaza, da ruwa lita biyu, a riƙa kwashe kumfa, a rage wuta. Idan romo ya fara ɗaukar daɗi sai a zuba sha'ir ya yi ta dahuwa a hankali, kamar minti 40. Sai ƙwayar ta fara taushi tukuna a zuba dankali huɗu da aka yanka ƙanana. Kafin nan an soya albasa da gurzajjen karas a man shanu har albasar ta yi ja-ja. A juye su ciki, a sa gishiri da masoro da busasshen ganyen nan mai ƙamshi da ake jefawa a jallof. Bayan minti 15 zuwa 20 dankali ya nuna. A kashe wuta, a bar tukunya a rufe ta huta.

Hutun nan yana da dalili. A ƙauyukansu na da, tukunyar ƙasa ake turawa cikin babban murhun bulo da ke ɗumama gida, abinci ya yi ta sulala cikin zafin da ke raguwa. Mai risho ko gas ba shi da wannan, sai ya rama da ƙaramar wuta da haƙuri. Wanda ya buɗe wa tukunyar wuta don sauri, dafaffen dankali a ruwa zai samu.

A kwano ake ƙarasa shi. Kowa ya sa cokali ɗaya na kirim mai tsami da suke kira smetana, ya barbaɗa wani siririn ganye mai ƙamshi da ba sa rabuwa da shi. Kindirmo mai kauri zai tsaya a madadin kirim ɗin, ganyen albasa kuma a madadin ganyen. Amma kada a zuba nonon a tukunya bisa wuta, tsinkewa zai yi.

Na san tambayar da ke bakin masu karatu: ko akwai alade a ciki? E, mutanen nan suna cin alade ƙwarai, kuma gidaje da yawa da haƙarƙarinsa ko kitsensa suke yin wannan abinci, don haka a gidan cin abinci sai an tambaya. A kuma kula, akwai wata barasa ta zuma mai wannan suna. Amma girkin kansa bai dogara da alade ba. Kiristocin Otodoks, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, suna da dogon azumi kafin Ista wanda ba sa cin nama, a lokacin kuwa da laimar kwaɗi kaɗai ake yin sa, kuma a ganina wannan ya fi ƙamshi. Ga kuma Musulmi 'yan ƙabilar Tatar da ke zaune a yankin tun ƙarshen ƙarni na 14, da masallatansu a garuruwa irin su Iwye da Nabahrudak. A Minsk ma an buɗe babban masallaci a 2016. Naman halal ba ya gagara.

Batun laimar kwaɗi yana son tsayawa. A nan shiga daji tsinto ta al'ada ce ta lokacin kaka, yara da tsofaffi kowa da kwandonsa, a shanya a ajiye. Busasshiyar ake jiƙawa, a tace ruwan saboda yashi, a zuba shi a romo, nan ɗanɗanon yake. Sai dai tun hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukiren a watan Afrilun 1986, wanda ƙurarsa ta sauka sosai a lardunan Gomel da Mogilev, ake hattara da ta wasu dazuzzukan, domin tana zuƙar gubar daga ƙasa. Shi ya sa nake sayen tawa a kasuwar Komarovka da ke nan Minsk, inda ake gwada kaya kafin a sayar. A gida kuma ina gargaɗi da babbar murya: kada wani ya tsinko wadda ta fito a bayan gida da damina ya ce zai gwada, akwai mai kisa a cikinsu. In ba a samu ta kanti ba, a bar ta, ƙashi ya wadatar.

Saura sha'ir, wanda yawancinmu a babin zakkar fid-da-kai muka san shi, ba a kasuwa ba. Su kansu mutanen Belarus sukan musanya shi da wasu hatsin, har da wani ɗan ƙaramin gero rawaya da ba irin namu ba. Don haka surfaffiyar alkama za ta yi, ita ma a jiƙa ta tun dare. Dankali kuwa ga na Filato nan, daga Bokkos da Mangu, a kusan kowace kasuwa.

Ina fatan mai kula da shafin za ta gwada shi da alkama, ta kuma gwada da geronmu, ta faɗa mana wanda ya fi karɓa, tunda ni a nan ba ni da geron gwadawa. In ya kwana, a ƙara ruwa kafin a ɗumama, don hatsin yakan shanye romon cikin dare.

Na gode. Wassalam.

Mai karatunku a kullum,
daga Minsk, Belarus