Zuwa ga ƙanena Ila: amsar tambayarka kan buroshin kumfa

Salamu alaikum Ila, ina gajiyar suna, ina kuma gajiyar hanya, da fatan ka koma Yamai lafiya ka iske iyali da yaran shago lafiya.

Ranar Asabar can gidan suna, ban ko gama wanke hannu daga askin jariri ba ka tsare ni gaban dattawa da abokan sana'a, ka ce wai maigida kai da ka koya mana cewa buroshin gashin dabba shi ne buroshi, yanzu an ce na roba ne bisa teburinka, talauci ne ya kama ka ko kuwa malamai ne suka tsorata ka da zancen alade? Kowa ya kwashe da dariya har da ni, na ce a bari a ci abinci tukuna, to kafin a gama ci motarku ta tashi. Tunda gaban jama'a ka tambaya bari in ba ka amsa inda jama'a za su gani, don na san akwai yara da yawa masu buɗe shagon aski nan Tawa da can Yamai da ke ɓarnar kuɗi kan wanga abu ba tare da sun san mi suke saye ba.

Ba talauci ba ne, ko da yake ba zan ce aljihu bai sa baki ba. Kuma ba malamai ba ne. Wanda ka gani ina yabo lokacin da kake yaron shago, ka tuna shi, mai mariƙin katako baƙi, yayana ne ya kawo mani shi daga Abijan. Shi ne bilero na gaskiya. Sunan ma da muke kiran buroshin da shi, blaireau, a Faransanci sunan dabbar ne, wata 'yar dabba mai haƙa rami dangin dagen dajinmu, mai ratsin fari da baƙi a fuska. Kusan duk gashin da ake wanga buroshi da shi yanzu daga Sin yake fitowa, ko da ka ga an rubuta Ingila ko Jamus jikin mariƙin, can dai aka ɗaura shi aka sa suna. Kuma hawa-hawa ne, akwai baƙi mai kaushi mai araha, akwai mai farin baki mai laushi da suke ce ma silvertip, wanda ɗaya tak kan haura yuro 100, ka lissafa da kanka, sama da jika 65 kenan kan abin shafa kumfa.

Ban janye yabon da na yi masa ba. Gashin nan yana shan ruwa yana riƙewa, kuma yana riƙe ɗumi. Da safen hunturu, Disamba zuwa Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari ba ka ko hango ƙarshen layi, mutum ya shigo a naɗe da rawani hannu cikin aljihu, ka tsiyayo ruwan ɗumi daga tarmos ka tsoma bilero ka murza bisa sabulu ka ɗora masa a kunci, walle za ka ga kafaɗunsa sun sauka idonsa ya rufe. Akwai wani tsohon direban tirela da ke zuwa mani duk Juma'a, shi ba don askin yake zuwa ba, don wagga kumfa mai ɗumi yake zuwa, yakan yi barci kan kujera sai na taɓa shi. Na roba bai taɓa sa shi barci ba, gaskiya ɗaya ce.

To amma Ila, wata nawa muke sanyi a Tawa? Wanga alheri na riƙe ɗumi an yi shi ne don mutanen da ƙanƙara ke zubo ma bisa rufin ɗaki. Mu nan daga Maris har ruwa ya sauka, Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, ruwan buta da kansa yake ɗumama a inuwa, wa ke neman ɗumi a fuska? Mutum ma cewa yake in da ruwan randa a sa masa.

Abin da ya raba ni da shi dai aikin shago ne. Bilero an yi shi ne don mutum ɗaya, ya yi aski da safe ya wanke ya rataye ya bushe har gobe. Ni kuma jajibirin salla fuska nawa ke bi ta hannuna tun asuba har tsakar dare? Bai taɓa samun bushewa ba. Da damina in ka buɗe tsakiyar gashin ka sansana sai ka ji wani wari kamar na tabarmar da ruwa ya kwana a kai. Ga ruwan wasu rijiyoyinmu mai barin farin dabbare jikin buta, in ya haɗu da sabulu sai ya daskare can gindin gashin, gashin ya yi tauri ya fara karyewa. Sannan babbar magana, tsabta. Dukanmu mun koyi darasin reza ɗaya mutum ɗaya tun lokacin da ake ta wayar da kai kan sida, kowa na ɓare sabuwar reza gaban mai aski ya gani. Amma buroshi fa? Ka aske zagayen farko, reza ta ɗan taɓa wani ƙurji, ka san gemunmu mai murɗewa ne ƙuraje ba su rabuwa da shi, sai ka sake ɗora buroshi bisa wurin don zagaye na biyu, sai ka kurkure shi da ruwa kawai ka ɗora ma na gaba. Ga ciwon hanta da ya yi yawa a ƙasashenmu kuma ta jini yake bi, ga makero. Da na fara tsoma bilero cikin ruwan javel tsakanin mutum da mutum, ai ka san abin da javel ke ma gashi, ko gashin kanka ne. Bai yi wata uku ba ya koɗe ya fara zuba, kullum sai na tsince silin gashi daga kumatun mutane ina ba da haƙuri. Haka na kashe shi da hannuna, yana nan cikin akwati ban iya yar da shi ba.

Sai zancen alade da ka yi don a yi mani dariya, to akwai gaskiya cikinsa amma ba inda kake zato ba. Yawancin buroshin gashi masu araha da ake zubawa a faranti a kasuwa, mai gashi fari-fari ko ruwan ƙasa mai tauri, wani har da baƙin ratsi da aka rina masa don ya yi kama da bilero, gashin alade ne. Ba ɓoyayyen abu ba ne can inda ake yin su, kamfanin Omega na Italiya da Semogue na Fotugal da shi suka yi suna kuma suna rubutawa jikin kwali, sai dai wanda ke isowa hannunmu sau da yawa ba kwali ba rubutu, mai sayarwa ma bilero yake ce masa. Na kai maganar gun malamin unguwarmu, ya buɗe Muhtasar na Halilu ya nuna mani inda aka lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki ko da na alade ne, in dai sausaye shi aka yi ba tugewa ba. To fatawa ta malamai ce na bar masu. Ni dai mai shago ne, na san in na ce ma Alhaji wanga da zan shafa maka kusa da leɓe gashin alade ne amma littafi ya yarda, ba zai sake taka ƙofata ba, in kuma na yi shiru na ɓoye masa ban kyauta ba. A wajen aiki kuwa ba shi da laifi, sai dai shi sai an jiƙa shi na 'yan mintuna kafin a fara, sabo yana da wani ƙarni kuma yana suka, sai ya yi makonni ana aiki da shi bakin kowane sili ya tsage sannan ya yi laushi. Wa ke da wanga haƙurin da layi a ƙofa.

Akwai na gashin doki ma, daga geza da wutsiya ake yanka ba a kashe dabbar, Vie-Long na Sifen ke yin sa. Shi kasuwarsa ta faɗi ne tun lokacin yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, da aka rasa gashin bilero aka koma na doki ba a dafa shi yadda ya kamata ba, sojojin Ingila da na Amurka suka dinga kamuwa da ciwon saifa a fuska da wuya, wanda makiyayanmu suka sani a jikin shanu. Na yanzu ana tsabtace shi tun daga masana'anta, amma ka ga dai tun ba yau ba buroshi na iya ɗaukar cuta.

Yanzu na roba. Na san abin da ke ranka, wancan tsohon nailan ɗin da muka sani da, mai sheƙi mai tsini kamar tsintsiyar kwakwa, wanda ba ya riƙe kumfa sai dai ya yaƙushe mutum. Ni ma shi na sa a raina shekara da shekaru shi ya sa nake zagin su gabanku. Na yanzu wani abu ne daban. Kowane sili an sirance bakinsa kamar gashin gaske, an kuma ɗan lanƙwasa jikinsa don ruwa da kumfa su samu wurin maƙalewa tsakanin sili da sili. Mühle na Jamus suna yi, Plisson na Faransa suna yi, Omega ma da kansu suna yi, ga na Sin irin su Yaqi da kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bilero mai kyau ba. Na farko da na samu wani ɗan bida ne ya zo da shi tsaraba, na karɓa don kunya na jefa cikin durowa, sai ranar da bilerona ya gaza na ciro shi don dole.

Ranar farko na sha kunya. Na tsoma shi cikin ruwa kamar yadda na saba na ɗaga, ashe shi silinsa ba ya shan ruwa, riƙewa kawai yake tsakani, ina kifa shi bisa fuskar mutum ruwan ya gangaro ta mariƙi ya bi hannuna har gwiwar hannu ya ɗiga kan farar shaddar bawan Allah, ranar Juma'a kuma. Ga shi da tsalle, in ka danna shi ya buɗe ka sake sai ya watsa kumfa jikin madubi. Sai da na koyi hannunsa: a tsoma, a yarfe sau biyu, a ɗauki sabulu kaɗan, a dinga ƙara ruwa da ɗigo. In ka gane wannan, cikin ƙiftawar ido kumfa ta tashi mai kauri, ba jiƙo ba jira, ba ƙarni, ba suka ko ga mai ƙurajen gemu, kuma sabulun da nake ƙararwa da ya fara kai ni nesa don ba ya shanye shi ya ɓoye can ciki kamar na gashi. In na gama in kurkure, in tsoma cikin ruwan javel mai rauni, in sake kurkurewa sosai in yarfe in goge jikin tawul, da iskar Tawa kafin in gama da mutum biyu ya bushe. Guda huɗu gare ni yanzu a jere, ina juya su, kuma gaban mai aski nake ɗauko busasshe yadda nake ɓare reza.

Yana da nasa laifin. Ba ya son tafasasshen ruwa, wani yarona ya taɓa juye masa ruwan shayi daga kan gawayi wai zai kashe cuta, bakin silin duk ya nannaɗe kamar an ƙona leda, na yar. Kar ka bar shi bisa taga rana ta gasa shi, gam ɗin da ya riƙe gindin na iya saki. Ɗumi kuma na gaya maka ba ya riƙewa, da hunturu sai dai in ɗora kwanon kumfar cikin wani kwano mai ruwan zafi. Sannan ba kowane na roba ne na zamani ba, tsohon nailan ɗin na nan cike da kasuwa. Kafin ka biya ka goga shi a bayan hannunka ko cikin wuyan hannu, in ya soke ka aje. In kuma mai kaya ya rantse maka gashin dabba ne ko roba ce kana shakka, ciro sili ɗaya ka kunna masa ashana, gashi ƙauri yake ya zama toka, roba narkewa take ta dunƙule.

Can Turai wasu sun koma na roba ne don tausayin dabbar bilero, a 2018 ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta fito da hotunan yadda ake tsare su cikin keji a gonakin Sin ana kashewa, har kamfanin Procter & Gamble mai kayan aski ya ce zai daina saida mai gashin bilero. Ni ba wannan ya kawo ni ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma da na gani ban ji daɗi ba, ko ragon layya an ce a kyautata masa.

Kuma kar ka manta baba, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai taɓa riƙe buroshi ba. Ruwa a ƙoƙo, yatsu uku, aska da fatar wasa ta, kuma sarakai ya aske da su. In ka ga muna gardamar gashi da roba dariya zai yi mana mu duka.

In don kanka ne kai kaɗai a gida kana son jin daɗi da sanyin safiya kuma kuɗin bai dame ka ba, sayi bilero, ban hana ka ba. Shagonka na Yamai kuwa, ga kogi kusa ga damshin damina da ya fi namu, sa na roba, kar ya gaza uku, mai faɗin gindi milimita 24 ya fi zama a hannu, ƙanana sai ka yi ta komawa sabulu. In za ka zo salla ka duba mani Babbar Kasuwa ko Wadata ka taho mani da biyu, ka gwada su a hannu yadda na ce, kuɗinka na nan. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Yayanka kuma maigidanka, daga Tawa.