Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan Cola da Bagan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa rubutun da ka aiko mini a kan alaƙar daulolin Tamil na kudancin Indiya da ƙasar Bama ya iso, kuma na karanta shi sau biyu da jan biro a hannu, kamar yadda na saba a shekarun da na yi ina koyarwa. Hausarka ta yi kyau, ƙoƙarinka kuma a fili yake, amma akwai jimla guda a shafi na biyu da ba zan bari ka miƙa wa malaminka ba sai mun yi magana a kanta, wato inda ka ce sarakunan Cola, ɗaya daga cikin waɗannan daulolin Tamil, sun ci Bama da yaƙi a shekarar 1025 suka mayar da ita ƙarƙashinsu.

Na san inda ka samo wannan magana. A wajen shekarar 1025 Sarki Rajendira na Ɗaya na Cola ya tura jiragen yaƙi suka ƙetare tekun Bengal, suka afka wa daular Siriwijaya da ke riƙe da mashigin Malaka, suka kama sarkinta, kuma an sassaƙa labarin a bangon babban wurin bauta na Tanjabur, birnin Cola, tare da jerin garuruwan da aka ce an ci. A cikin jerin akwai Kadaram, wato Keda ta ƙasar Malesiya a yau, akwai tsibiran Nikoba, akwai kuma wani wuri mai suna Mappappalam wanda wasu masana ke ganin yana gaɓar tekun kudancin Bama. To, a kan wannan suna guda ɗaya ka gina cin ƙasa sukutum. Ka tuna cewa rubutun nan kirari ne, mawaƙan fada ne suka tsara shi, kuma kai ɗan gidan da aka saba jin maroƙa ne: in an ce wa sarki giwa, babu mai zuwa duba masa haure. Ko da jiragen Cola sun taɓa wata tashar ruwa ta mutanen Mon na kudancin Bama sun kwashi ganima, ba su ajiye hakimi ba, ba su ɗora haraji ba, kuma a lokacin Anawrata, wanda ya haɗa kan ƙasar a ƙarƙashin birnin Bagan, bai ma hau gadon sarauta ba, domin sai a 1044 ya hau, sai a 1057 kuma ya ci garin Taton ya sami hanyar fita teku.

Don kada ka ɗauka cewa fadar Tamil kaɗai ke da maroƙa, dubi abin da fadar Bagan ta rubuta. Sarki Kyansita, wanda ya yi mulki daga 1084 zuwa wajen 1112, ya sa an sassaƙa a dutse da harshen Mon cewa ya rubuta wa wani basaraken Cola wasiƙa da jan tawada a kan fallen zinariya yana bayyana masa addinin Buddha, basaraken ya karɓa shi da jama'arsa, har ya ba Kyansita 'yarsa. Da wani ɗalibi zai karanta wannan dutse shi kaɗai, da sai ya rubuta cewa Bama ce ta rinjayi Cola, alhali babban sarkin Cola na wancan zamani, Kulottunga na Ɗaya, bai bar bautar Shiba ta addinin Hindu ba har ya mutu. Ka ga kowace fada tana faɗin abin da zai ɗaga darajarta. Abin da za ka iya ɗauka daga dutsen Kyansita da kwanciyar hankali shi ne cewa mutanen gidan sarautar Cola suna zuwa ƙasar Bama, ana musayar wasiƙa da kyauta, kuma sunan Cola yana da nauyin da sarkin Bagan zai yi alfahari da ambatonsa.

Akwai ma shaida ta uku mai ban dariya, wadda ta fito daga ƙasar Sin. A shekarar 1106 jakadun Bagan suka isa fadar daular Sung, aka so a karɓe su bisa tsarin da ake karɓar jakadun Cola, sai ma'aikatan fada suka ce hakan bai dace ba, domin a lissafinsu Cola ƙaramar ƙasa ce mai biyayya ga Siriwijaya, Bagan kuwa babbar daula ce da ya kamata a rubuta mata wasiƙa a kan takarda mai zanen furannin zinariya, kamar yadda ake yi wa Larabawa. Wato daular da ta kama sarkin Siriwijaya ita ce aka rubuta a littafin fadar Sin a matsayin baranyarta. Ma'aikata ne masu tsananin kula da rubutu, amma abin da aka gaya musu suka rubuta.

Yanzu bari in kai ka wurin shaidar da na fi so, wadda ba ka ambata ba ko sau ɗaya. A Myinkaba, kusa da tsohon birnin Bagan, an sami wani dutse mai rubutun Tamil wanda masana suka ce salon haruffansa na ƙarni na 13 ne. Ba sarki ne ya sa aka rubuta shi ba. Wani mutum ne mai suna Kulasekara Nambi, daga garin Magodayarpattanam da ke gaɓar tekun Kerala, yake sanar da cewa ya gina rumfa a wurin bautar Bishnu na birnin, wato wurin ibadar mabiya addinin Hindu, ya sa ƙofa, ya kuma ba da fitila guda da za ta riƙa ci ba dare ba rana. Sunan wurin bautar kansa yana ɗauke da kalmar Nanadesi, wadda ke nufin mutanen ƙasashe daban-daban, kuma suna ne na ƙungiyar fatake ta kudancin Indiya. Ka tsaya ka yi tunani a kan fitilar nan. Bagan ba a bakin teku take ba, tana can cikin ƙasa a gefen kogin Irawadi, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga inda jiragen teku ke tsayawa. Mutum ba ya ba da fitilar da za ta ci kullum a garin da babu mai zuba mata mai. Ke nan akwai jama'ar Tamil zaunannu, da limamin addininsu, da dukiyar da ke ɗaukar nauyin wurin, a babban birnin sarakunan da ke bin addinin Buddha, kuma da yardar sarakunan. Mutumin bai yi da'awar cin kowa da yaƙi ba, shi ya sa na fi gaskata shi.

Irin waɗannan ƙungiyoyi, kamar Manigiramam da kuma Ayyabole da ake yi wa laƙabi da Ɗari Biyar, sun bar sawunsu a wurare da yawa na wannan teku: akwai dutsensu a Takuwapa ta ƙasar Tailan tun ƙarni na 9, akwai wani a Barus ta tsibirin Sumatira mai ɗauke da shekarar 1088. Abin da ya sa suke kafa unguwa a duk inda suka je shi ne iska. Iskar kudu maso yamma ce ke tura jirgin ruwa mai filafilai zuwa gabas, ta arewa maso gabas kuma ita ke dawo da shi, saboda haka wanda ya kai yadin auduga mai rini daga gaɓar Koromandel ta kudu maso gabashin Indiya dole ya zauna watanni yana jiran iska ta juya, kuma mai zaman watanni yana bukatar masauki da dillali da wurin ibada. Wanda ya san yadda kakanninmu fatake suka kafa zango a hanyar Gwanja ba zai yi mamakin wannan ba.

A ɓangaren siyasa kuwa, ba za ka fahimci tsakanin Cola da Bagan ba sai ka shigo da tsibirin Siri Lanka, domin a can ne muradunsu suka ci karo. Cola ta mamaye arewacin tsibirin tun ƙarshen ƙarni na 10, kuma lokacin da Wijayabahu na Ɗaya yake fafutukar korarsu, littafin tarihin tsibirin mai suna Kulawamsa ya ce ya aika wa sarkin ƙasar Ramanna, wato Bama, aka dawo masa da jirage ɗauke da kaya irin su kafur da itacen sandal. Ka lura, kaya aka aiko, ba a ce mayaƙa ba. Bayan ya kori Cola a 1070, daga Bama ya nemi malaman addinin Buddha da za su farfaɗo da naɗin sufaye a ƙasarsa. Amma wannan abota ba ta hana sarkin Siri Lanka da ya zo daga baya, Parakaramabahu na Ɗaya, kai wa tashoshin ruwan Bama hari a wajen 1164 ba, kuma cikin dalilan da aka lissafa har da tsauwala farashin giwaye da wulaƙanta jakadu. Abokan addini ne suka yi faɗa a kan ciniki, alhali fataken Tamil masu wani addini daban suna kunna fitilarsu a Bagan. Haka kuma cikin sufaye huɗu da suka rako wani malamin addinin Buddha mai suna Capata daga Siri Lanka zuwa Bagan a ƙarshen ƙarni na 12, akwai Ananda, mutumin Kancipuram, birnin da ke arewacin ƙasar Tamil.

Shawarata ita ce ka cire waccan jimla, ka sake gina babi na biyu a kan dutsen Myinkaba, sannan ka jera kirarin Rajendira da na Kyansita da bayanin fadar Sin kusa da juna, kana faɗin wanda ya rubuta kowanne da kuma wanda aka rubuta domin ya ji. Na san hakan zai ci maka mako guda ko biyu, kuma rubutun zai rasa armashin yaƙi, amma gara malaminka ya ce ka yi jinkiri da ya tambaye ka sunan hakimin da Cola ta naɗa a Bama ka rasa amsa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage zaman dare a ɗakin karatu. In ka gyara babin ka sake aiko mini kafin ka buga. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ilimi mai amfani.

Wassalam,
Mahaifinka.