Sanarwa kan tafiyarmu Dubai

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayenmu da yayyenmu barkanku da warhaka.

Masu zuwa Dubai da yara a hutun Agusta, don Allah a karanta. Zafin can ba irin na Kano ba ne. Yakan wuce digiri 40, ga gumi mai danƙo ko da dare. Bara ƙaramar ɗiyata ta taka daɓen bakin ruwa ba takalmi da azahar, sai da tafin ƙafarta ya yi ja, ta yini tana kuka. Kowane yaro a saya masa takalmin roba da hula, a riƙa ba shi ruwa tun bai ce yana jin ƙishi ba.

Aquaventure, wurin wasan ruwa da ke tsibirin Palm Jumeirah, da safe za mu shiga, ana buɗewa. A auna tsawon yara tun daga gida, wanda bai kai mita 1.2 ba ba za a bar shi ya hau manyan silalo ba. Washegari sai wurin wasanni na IMG Worlds, shi a rufe yake da na'urar sanyi, Hajiya ma za ta samu ta huta.

Mata, a Aquaventure ana yarda da kayan iyo masu rufe jiki.

Allah Ya kai mu lafiya.