Mai ciwon suga ma cefanensa yana kasuwarmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina rubuto maka ne kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Shekara 3 ke nan da anka auna innata anka ce ciwon suga gare ta, tun daga ranar kowa ya zo gaisuwa sai ya kawo nashi hanin, wannan ya ce ta bar tuwo, wancan ya ce kada ta kuskura ta sha hura, har tsohuwa ta koma tsoron kwanon abinci ta rame wallahi abin tausayi. Alhali mai shan maganin suga in ya zauna da yunwa sugan na iya faɗuwa ƙasa sosai, jiri da zufa da karkarwa, shi ma hatsari ne babba.

Sai da wata ma'aikaciyar asibiti ta zaunar da ni ta ce ƴata ki raba faranti, rabi ganye, sauran rabin ki kasa biyu, kashi ɗaya wake ko ƙwai ko kifi, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa. Shi ke nan fa.

Yanzu kafin in tafi babbar kasuwa sai na rubuta abincin sati a takarda, don in ka je haka nan taliya da burodi za ka kwaso. Zogale nake fara saye, Allah ya sa muna kusa da Jiratawa inda ake nomansa, ba ya wuya, sai kabeji, yakuwa, kuɓewa, tumatir, tiyar wake da ƙuli-ƙulin kopto, wato kwaɗon zogale. In zogale ya yi araha nakan shanya shi a inuwa in ajiye. Tuwon gero tana ci, malmala ɗaya ƙarama da miya mai yawa, hura ma tana sha kaɗan da nono ba suga. Abin da munka fitar daga gidan gaba ɗaya lemun kwalba ne da madarar gwangwani mai zaƙi, shayi ma ba suga take sha, kuma don Allah masu cewa zuma magani ce su sani ita ma tana ɗaga sugan jini.

Roƙona Malam Edita, jaridarku da gidajen rediyonmu na Maradi su riƙa gayyato likitoci suna wannan bayani da Hausa, da ma'aunin da mata sunka sani, ludayi da malmala da tiya, kada a jira sai 14 ga Nuwamba ranar ciwon suga ta duniya.

Wata mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi